Ina zan samu matoshin tsiyaye ruwa na ɗakunan iskar ƙaramin jirgi a Legas?

Baban Hanifa

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu harkar ruwa, ina neman taimakonku a kan wani ɗan ƙaramin abu da ya tsayar min da aiki cak.

Na sayi tsohon jirgin ruwa na faiba (wato robar nan mai ƙarfi da ake haɗawa da zaren gilashi) mai tafiya da iska, ƙafa 14, a hannun wani Bature da ya gama aikinsa a Legas zai koma gida. Ba shi da inji, ƙyalle biyu ne, babba da na gaba. Mutum biyu yake ɗauka, uku in na ukun yaro ne. Niyyata in riƙa fita da babban ɗana ranar Asabar mu zaga cikin lagun, wato babban tafkin nan na Legas, in iska ta yi daɗi mu leƙa wajen Tarkwa Bay mu dawo. Yaron ya iya iyo, amma mahaifiyarsa ta kafa sharaɗi: ba zai taka jirgin ba sai ta ga an kifar da shi a ruwa da gangan ya ƙi nutsewa. Ban ga laifinta ba.

Jirgin yana da ɗakuna huɗu. Ɗaya a goshi, biyu a gefe dama da hagu ƙarƙashin inda ake zama. Waɗannan ukun a rufe suke ruf, iska ce kawai a ciki, kowanne da ɗan huji a ƙasa wanda aka ɗaura wa mazaunin roba da sukuru biyu, ana murɗa matoshi a ciki. Na huɗun ƙarami ne a baya, mai murfi a sama, nan mai jirgin na da yake ajiye igiya da anka.

Mazaunin na goshi rana ta cinye shi, ya yi fari, ina taɓa shi ya farfashe a hannuna. Na dama mazaunin lafiya lau amma babu matoshi. Na hagu akwai matoshi, sai dai zoben robarsa ya bushe ya tsattsage, kuma in na ɗaga goshin jirgin ina jin ruwa yana kai da kawo a ciki. Da na buɗe, abin da ya fito ya kusa cika bokitin fenti. Ɗakin bayan kuwa ba shi da huji ko ɗaya, ruwan sama yana shiga ta murfi ya kwanta, har 'ya'yan sauro na gani a ciki.

Na auna hujin da ma'aunin makanikai, milimita 19 ne. Na zaga wajen masu kayan famfo a Coker ta Orile, na je Ladipo, na tambayi masu sayar da kayan jiragen fasinja na faiba. Abin da ke hannun masu jirage shi ne babban matoshin nan na inci ɗaya, baƙar roba mai hannun tagulla da ake lanƙwasawa ta kumbura, irin na bayan jirgi mai inji. Ya yi wa hujina girma. Wani mai gyaran famfo kuma ya nuna min soket na tankin ruwa, rabin inci, mai noti ta baya da washar roba, ya ce in sa shi in murɗa murfi a bakinsa, magana ta ƙare.

To ku da kuka daɗe a harkar, in bi shawarar mai famfo ko in jira a kawo min na ainihi daga waje? Akwai kuma wata dabara da nake ta juyawa a raina. Tunda matoshin ne ke da wuyar samu, me zai hana in huda bangon da ke tsakanin ɗakunan, ruwan duka ya gangaro baya, in faɗaɗa huji ɗaya in sa babban matoshin inci ɗayan da ake samu a ko'ina? Matoshi ɗaya maimakon uku. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ɗan Yauri

Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, kafin komai, ajiye injin hujin nan. Kada ka haɗa ɗakunan. Ni aikina ke nan, gyaran jirgin faiba, kuma wannan ita ce shawarar da nake hana mutane kullum.

Wanda ya ƙera jirgin da gangan ya raba su uku. Ka san yadda masunta a Argungu ke kwanciya a kan gora su yi ta yawo a ruwa, iskar da ke ciki ce ke riƙe da su. To kai goruna uku aka ba ka. Lita ɗaya ta iska tana ɗaukar kilo ɗaya. In ka daki turken ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, kuma lagun cike yake da su, ɗaki ɗaya ya fashe, sauran biyun za su riƙe ka da yaronka har a zo a ja ku. In ka huda tsakaninsu, fashewar ɗaya ta zama ta duka. Sannan ko ba a fashe ba, ruwan da ke iya gudu daga dama zuwa hagu yana bin duk gefen da jirgi ya karkata ya ƙara danne shi, jirgin da ya kife da ruwa a haka tayar da shi wahala ne.

Abu na biyu, ruwan da ka tsiyaye daga hagu, ka ɗanɗana shi? In ya sake taruwa ka sa yatsa ka lasa. In babu gishiri, ruwan sama ne ko gumin da iska ke yi a ciki da dare, daga sama yake shiga. In da gishiri, jirgin yana sha ne lokacin da yake kan ruwa. Amma ka lura, da damina ruwan lagun kansa gishirinsa yana raguwa sosai, gwajin ya fi faɗin gaskiya da rani. Gumi ba ya cika bokiti, ɗan kofi ne. Bokitin fenti yoyo ne, kuma sabon matoshi ba zai warkar da yoyo ba.

Ga yadda nake nemo shi. Ka dama omo a ruwa ya yi kumfa. Ka sa ɗan tiyo a hujin, ka naɗe shi da tsumma, wani ya riƙa hurawa da baki ko da famfon keke a hankali, kai kuma kana shafa ruwan omon da soso. Inda ya yi ƙwai, nan ne. Kada ka kuskura ka kai shi wajen mai faci ya sa masa injin iska, zai raba maka saman jirgin da ƙasansa. Wuraren da za ka fi matsa wa ido: haɗin sama da ƙasa a ƙarƙashin robar da ta zagaye bakin jirgi, gindin gidan allon tsakiya (allon da ake saukarwa cikin ruwa ta tsakiyar jirgi), inda sandar ƙyalle ke tsayawa, da duk wani sukuru da aka ɗaura a jikin ɗakin, musamman na maɗaurin ƙafa, wato ɗamarar da matuƙi ke saƙala ƙafa a ciki, da ake ja da ƙarfi.

Maganar soket na tanki kuwa, na sa wa mutane da yawa kuma yana aiki. Sharaɗinsa sai hannunka ya shiga ciki ya riƙe notin, wato sai ka yanka ƙofar leƙe a jikin ɗakin. Ka ɗauki na roba. Na tagulla kada ka saya ko da kyauta ne, ruwan gishiri yana tsotse tutiyar da ke cikinta, sai ka ga ta yi ja-ja, wata rana ka murɗa ta ɓare. Aibinsa ɗaya da zan faɗa maka tun yanzu: notin yana da tudu, don haka kullum zai bar ruwa kamar kaurin yatsa a ƙasa, sai ka bi da soso ta ƙofar.

Maman Sultan, Ingila

Baba Ɗan Yauri ya gama magana a kan huda ɗakuna, ban da abin ƙarawa. Malam Baban Hanifa, ni a nan nake tuƙa irin waɗannan ƙananan jirage tare da yarana a wani kulob, kuma abin da kake nema a nan kamar maɓallin riga yake, kowane shagon kayan jirgi yana da shi a kwali kusa da mai karɓar kuɗi. Kamfanonin da za ka duba: Allen, RWO, Holt da Seasure na nan Ingila, sai Ronstan na Ostireliya. Ka shiga shafinsu sashen kayan ƙananan jirage, yawanci suna sa hoto da awo. Kuɗinsa fam kaɗan ne, kuɗin aike ya fi kuɗin kayan. Guda huɗu ba su cika aljihu ba, in kana da mai zuwa Legas ya riƙo maka.

Kada ka sayi matoshi shi kaɗai don na daman da mazauninsa ke da lafiya. Zaren kowane kamfani daban ne, wasu ma ba zare ba ne, juyi ɗaya ake yi su kulle. In ba ka ga sunan kamfani a jikin mazaunin ba, sayi mazauni da matoshinsa tare, ka canza duka ukun su zama iri ɗaya, ka ƙara ɗaya na ajiya. Ka zaɓi mai wutsiya, wanda in ka kwance yake rataye a jikin mazaunin. Matoshin da ba shi da wutsiya a yashi yake ƙarewa.

Awo biyu kake buƙata, faɗin huji da kuma tazarar da ke tsakanin sukuru biyun. In sabon ya fi hujinka girma, ka faɗaɗa da bakin huji mai hawa-hawa, shi ba ya tsaga faiba. In ramukan sukuru ba su dace ba, ka cike tsofaffin da efoksi, wato gam mai ƙarfi da ake haɗa ruwa biyu, ya bushe, ka huda sababbi. Kada ka bar tsohon rami a ƙarƙashin mazauni da fatan gam zai rufe shi.

Gam ɗin ma a kula. Silikon na banɗaki mai warin tsami ba ya daɗewa a jikin faiba, kuma in ya saki yana barin santsin da wani gam ba zai ƙara kamawa a wurin ba. Muna amfani da Sikaflex 291i ko 3M 4200. Akwai 3M 5200, ƙarfinsa ya yi yawa ga wannan aiki, ranar da rana ta sake cinye mazaunin sai ka ɓamɓaro shi da fatar jirgin. In za ka ɗaura da noti ta ciki, tef ɗin butil ya fi min duka, ba ya bushewa kuma ba ya cin roba. Zoben matoshin ka shafa masa man silikon, ba basilin ba, akwai robar da basilin ke kumbura ta.

Ina goyon bayan ƙofar leƙe ko da na waje za ka sa. Ana yin su inci 4, 5 da 6, masu murɗawa da zoben roba. Inci 5 hannun babba yana shiga. Ka yanka ta a wuri miƙaƙƙe, in bango ya lanƙwasa murfin ba zai zauna daidai ba.

Ka gaida min maman yara, ka ce mata abin da ta nema doka ce a nan ga nau'o'in jirage da yawa. Ana kwantar da jirgi a ruwa ko a cika tsakarsa, mutane su hau, a jira, sannan a fito da shi a buɗe matosai a ga abin da kowane ɗaki ya sha. Ku yi shi a wuri marar zurfi, kowa da rigar ruwa.

Injiniya B.

Baba, da girmamawa, a kan soket na tanki ina da ja. Farar robar famfo an yi ta ne don cikin bango da inuwa. A ranar Legas tana bushewa ta yi ƙwari, dunduniya ɗaya ta same ta lokacin juya jirgi sai ta karye, kuma a daidai inda ƙafa ke yawo take. Soket ɗin da murfinsa suna turowa waje sosai, igiyar ƙyalle za ta riƙa maƙalewa. Na jirgi a shafe yake da bango saboda wannan dalili. Sannan rabin inci na famfo ba milimita 12 ba ne, wajen zarensa ya kusa milimita 21, hujinka na 19 sai an faɗaɗa shi, kuma faɗaɗawa ba ta da komawa sai da aikin faiba.

In dole ta sa ka sa shi, soket da murfi su fito daga shago ɗaya. Kayan famfonmu zaren Ingila ne, BSP, mai kusurwar digiri 55. Kayan da ke zuwa daga Amurka zaren NPT ne, kusurwar digiri 60. A rabin inci dukansu zare 14 ne a inci ɗaya, shi ya sa suke shiga juna kamar sun dace, amma suna tsatsafo.

Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ina zargin shi ya jawo yoyon hagun. Iskar da aka kulle tana kumbura da zafi. Ka rufe ɗakin da safe a digiri 30, jirgi yana kan tudu, rana ta dake shi cikin ya kai 60. Matsin ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, wanda ya yi daidai da nauyin tan ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Bangon da ke da tsawon mita 2 da faɗin santimita 30 yana ɗauke da kusan kilo 600 ke nan yana tura shi waje. A hankali haɗin yake buɗewa. Daga nan ka tura jirgin mai zafi cikin ruwa mai sanyi, iskar ta tsuke, ɗakin ya zuƙo ruwa ta wannan tsagar. Jirgin Laser, wanda Bruce Kirby ya zana, yana da ɗan hujin numfashi a bangon gaba na wurin zama, ƙarƙashin maɗaurin ƙafa, kuma mutane kan toshe shi suna zaton aibi ne. Ka duba ko naka yana da irinsa kafin ka shafe komai da gam. In babu, ko dai ka huda na milimita 1 a can sama inda ruwa ba ya kwanciya, ko ka riƙe ƙa'ida: jirgi na hawa tudu, matosai a buɗe, goshi a ɗage a kan tsohuwar taya. Wanda ya cire matoshi gaba ɗaya ya ɗaure shi a sandar tuƙi don kada a shiga ruwa a manta.

Ɗakin baya lissafinsa daban, ba don iska aka yi shi ba, igiya jiƙaƙƙiya ake jefawa ciki. Shi huji buɗaɗɗe yake so, ba matoshi ba. Ka huda a mafi ƙasan kusurwarsa ya zubo cikin tsakar jirgi, ka liƙa ɗan guntun bututu da efoksi don ruwa kada ya shiga cikin naman bangon. Kada ka fitar da shi waje ta allon baya sai ka tabbata hujin yana saman ruwa lokacin da babba ya zauna a can baya, ba lokacin da jirgi yake fanko ba. Kuma ka ƙwanƙwasa ƙasan ɗakin tukuna, a wasu jirage akwai wani ɗakin iska a ƙarƙashinsa.

Sukuru ka nemi na ƙarfe marar tsatsa wanda aka buga wa A4 ko 316 a kai. Mai lambar A2 yana zubar da jan hawayen tsatsa a ruwan gishiri. Maganaɗisu zai nuna maka baƙin ƙarfen da aka yi wa fenti, amma ba zai raba maka A2 da A4 ba.

Ɗan Yauri

Injiniya, lissafinka daidai ne, kuma maganar zafin nan na ga aikinta da idona a jiragen da ake bari a rufe a kan yashi. Amma mutumin da ba shi da mai zuwa daga Ingila fa, ya zauna har damina ta wuce? Akwai baƙin soket mai kauri da ake sa wa tankunan da ke kwana a rana, shi nake nufi, ba farin ba. Ana yanke tsawon da ya yi yawa da zarto, a sa shi a kusurwar da ƙafa ba ta zuwa. Na ainihi ya fi, ban musa ba. In zai samu cikin wata guda ya jira.

Baban Hanifa

Allah ya saka muku da alheri, Baba, Hajiya, Injiniya. Maganar huda tsakanin ɗakuna na bar ta.

Mun yi gwajin omo ni da yaron, shi ke hurawa. Goshi da dama shiru, ko ƙwai ɗaya babu. Hagu kuwa kumfa ta tashi a wuri biyu: sukurun maɗaurin ƙafa na baya, wanda ashe yana juyawa a banza, da wata tsaga kamar tsawon taƙi a ƙarƙashin robar baki, daidai inda ake zama. Hujin numfashi ban ga ko ɗaya ba a duk ɗakunan. Wani abokin aikina zai dawo daga Landan ƙarshen wata, na tura masa awo, zai riƙo mazauni huɗu masu wutsiya da ƙofar leƙe biyu, don haka zan jira.

Sai dai na haska tocila ta hujin hagu na hango wani abu fari kamar soson da ake sa wa firiji a kwali. Na tura waya na danna shi, ruwa ya fito. Kuma gefen hagun ya fi na dama nauyi in an ɗaga. Wannan a cire shi ne ko a bar shi?

Ɗan Yauri

Kada ka cire shi haka kawai. An sa shi ne don ko ɗakin ya fashe jirgi ya ƙi zuwa ƙasa, kuma a wasu jirage, irin su Sunfish, shi ke tallafe saman da ake zama a kai. In ƙofarka ta iso, ka yanka ramin amma kada ka ɗaura ta tukuna. Ka sa jirgin a inuwa mai iska, ka ɗora ƙaramar fanka a bakin ramin tana hurawa ciki, hujin ƙasa a buɗe, ka rufa masa gidan sauro don ɓera da ƙadangare. Makonni yake ɗauka, ba kwanaki ba. Ka ɗora jirgin a sikelin banɗaki duk Juma'a, a wuri ɗaya kullum, ka rubuta. Ranar da nauyin ya daina sauka, ya bushe. In ka matsa soson ya marmashe a hannunka, to ya mutu, ka kwashe shi ka cika wurin da gorunan ruwa na roba, fanko, murfinsu a ɗaure tam.

Tsagar bakin kuma kada ka taɓa ta sai cikin ya bushe, efoksi ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Ka ɗaga robar, ka buɗe tsagar da bakin zarto, ka goge da samfefa, ka cusa efoksi mai kauri ka matse da kilam, sannan ta ƙofar ka shimfiɗa ƙyallen faiba biyu daga ciki. Sukurun maɗaurin ƙafa ka mayar da shi mai noti da babbar washa tunda yanzu hannunka zai shiga. In ka gama ka sake gwajin omo kafin ka ɗaura murfin.